Akwatin Katunan Baba Usman

Ina shagon atamfa da nake aiki a Bab Makka, cikin birnin Jidda, ina auna wa wata hajiya 'yar Nijar yadi, wayata ta yi ƙara. Yayana Sale ne. Ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Hauwa, ajiye abin da kike yi ki taho gida. Baba, halas." Na ce, "Halas me?" Sai na jiyo kukan Umma a bayansa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata ce bayan la'asar. Baba ya dawo daga masallaci, ya zauna a bakin ƙofar gidanmu a Mahjar yana cire takalmi, ya jingina da bango, rai ya yi halinsa. Kafin magariba ta wuce an sallace shi, maza sun kai shi makwancinsa.

A rana ta biyu ta zaman makoki na ji wata daga cikin masu gaisuwa tana raɗa wa ta kusa da ita: "Mutumin kirki ne, sai dai Allah ya yafe masa kartar nan da ya ƙarar da rayuwarsa a kai." Ban tanka mata ba, saboda gidan makoki ne. Yau zan tanka. Mahaifina Usman bai taɓa zama a wurin caca ba. Abin da ke cikin akwatinsa katuna ne masu hotunan tsofaffin 'yan wasan besbol na Amurka, ya tara su shekara arba'in da ɗoriya, kuma ni 'yarsa ba na jin kunyar ko ɗaya daga cikinsu.

A Jidda aka haife shi. Iyayensa sun taso daga ƙasar Hausa da ƙafa domin aikin hajji, suka yi shekaru a hanya, suka sauke farali, ba su koma ba. Ya tashi yana jin Larabci kamar kowane ɗan unguwa, amma bai taɓa riƙe takardar zama ɗan ƙasa ba. Yana saurayi ya sami aikin tuƙi a wani gidan injiniyoyi Amurkawa a arewacin gari. Ranakun hutu sukan fita wani fili mai rairayi su yi wasansu: mutum ɗaya ya tsaya a kan ɗan tudu ya jefa ƙaramar ƙwallo mai tauri, wani ya yi ƙoƙarin dukanta da kulki. Wata rana ƙwallon ta gangaro har inda Baba yake jingine da mota. Ya ɗauka ya mayar musu daga can nesa. Wanda ya cafe ta ya cire safar fatar da ke hannunsa yana yarfe yatsu, ya tako har wurin motar ya ce, "Sake jefowa." Baba ya ce mana a rufin ɗakinsu ya koyi jifa, wajen korar hankaki daga kifin da mahaifiyarsa take shanyawa.

Mutumin nan, wanda Baba bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Injiniya, shi ya koya masa yadda ake riƙe ƙwallo ta karkace a iska. Shekara huɗu Baba ne mai jifansu. Da aka shirya musu gasa a wata ƙasa maƙwabciya, sai aka nemi fasfo. Ba shi da shi. Shi ya loda jakunkunansu, ya kai su filin jirgi, ya dawo ya wanke motar. Sau ɗaya na tambaye shi ko abin ya yi masa ciwo. Ya ce, "Sun sha kashi a wasan farko. Su ya kamata ki tambaya." Da Injiniya zai koma ƙasarsu, ya miƙa masa kwalin takalmi cike da katunan da ya tara tun yana yaro.

Kowane kati da hoton ɗan wasa a gabansa, a bayansa kuma ƙananan rubutu na tarihinsa shekara bayan shekara: inda ya yi wasa, sau nawa ya yi nasara, sau nawa aka doke shi. Baba allo ya yi, bai san harafin boko ba. A bayan katunan nan ya koyi karatun Turanci, da yatsa, yana tare duk wanda ya iya ya tambaye shi kalma ɗaya. Masu jifa kaɗai yake ajiyewa. Katunan masu duka da kulki yakan musanya su ko ya kyautar. Yakan ce, "Mai jifa ba shi da inda zai ɓuya. Idan ya yi kuskure, yana tsakiyar fili kowa na kallonsa, kuma dole ya karɓi ƙwallon ya sake jefawa." Duk Juma'a bayan la'asar yana kasuwar haraj, inda ake sayar da kayan baƙin da suka gama aiki suka tafi, yana zaro aljihunan tebur, yana girgiza littattafai. Wani lokaci ya yi shekara guda bai sami ko ɗaya ba. Bai fasa zuwa ba.

Sunayensu na Turanci suna yi mana nauyi, sai ya raɗa musu na Hausa. Akwai Dogo Bahago. Akwai Shekara Ɗaya, wanda ya gagari kowa a shekararsa ta farko, kafaɗarsa ta goce, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Layi ɗaya tak ne a bayan katinsa, kuma Baba yana saka shi a leda mai kyau kamar sauran. Idan muka tsaya yaba kyan wani, yakan ce, "Kada ku yarda da murmushin gaba, ku juya ku ga baya." Shekarar da na gama sakandare da sakamako mai kyau, aka ce takarduna ba su kai in ci gaba ba, na kwana biyu ban ci abinci ba. Bai yi mini wa'azi ba. Ya zauna a bakin katifata ya miƙo mini katin wani mai kunnuwa fato-fato da yake kira Marar Sa'a. Ya ce, "Karanta mini." Na karanta. An doke mutumin fiye da yadda ya yi nasara, amma layukan shekarunsa sun cika bayan katin har ƙasa. Baba ya ce, "Wanda ake ta kayarwa kuma ana ci gaba da miƙa masa ƙwallo, akwai abin da aka gani a hannunsa. Yalla, tashi ki ci tuwo."

Wanda ya fi ƙauna shi ne Tsoho. Baƙar fata ne, wanda aka hana shiga babbar gasar ƙasarsu saboda launin jikinsa, har sai da ya haura shekara arba'in aka buɗe masa ƙofa, ya shiga ya kunyata samari. A kan katin nan ne muka ga abin da ba mu taɓa gani ba.

Kafilin Baba na shekaru, wato ɗan ƙasar da yake tsaya masa a takardun zama, dattijo mai mutunci, ya rasu, ɗansa ya gaji kafalar. Wata rana ya zo gidanmu, Baba ya zuba masa shayi, cikin hira ya buɗe masa akwatin. Saurayin ya ɗauki hoton katin Tsoho da waya, ya ɗan duba farashinsa, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ya ammi Usman, wannan ka ba ni shi hadiyya." Baba ya ce, "Sha shayinka, ya waladi, zai huce." Iƙamar Baba, wato takardar izinin zamansa, saura wata guda ta ƙare. Bayan mako sai ga saƙo: takardu suna da wuya bana, amma komai yana sauƙi tsakanin masu kyautata wa juna.

Sale ya durƙusa a gabansa. "Baba, kwali ne fa! Idan aka kama ka ba iƙama, ƙasar da za a kai ka ko filin jirginta ba ka taɓa gani ba. Ka ba shi, don Allah." Baba ya ce, "Mutumin da ke kan katin nan ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin ƙofa bai sunkuya ba. Ni kuma in miƙa shi ga yaron da ko sunansa bai sani ba, don a bar ni in zauna a garin da aka binne cibiyata? Idan ya roƙa don yana so, da na duba. Wannan ba roƙo ba ne."

Dole in faɗi gaskiya a nan: bayan Sale na bi. Na yi mako uku gaisuwa kaɗai ke haɗa ni da mahaifina. Na ce taurin kai ne, zai mayar da mu marayu da ransa. Wata bakwai ya yi ba takarda. Duk motar da ta tsaya a bakin layi, gaban Umma sai ya faɗi. Shi kuwa bai fasa sallah ɗaya a masallaci ba. Yakan sa farar jallabiyarsa a goge, ya fita yana tafiya a tsakiyar titi. Daga ƙarshe wani mai sito a Madinar Masana'antu, wanda suka daɗe suna haɗuwa a sahu ɗaya, ya ji labari ya karɓi kafalarsa, tunda wancan ya ƙi sabuntawa. Baba ya koma gadin sito yana da shekara sittin da biyar, ƙafafunsa na kumbura, bai taɓa kokawa ba. Ranar da sabuwar iƙama ta fito na je na durƙusa na nemi gafararsa. Ya ce, "Tsoro kika ji, ni ma na ji. Ba ki ga na rame ba?"

Da aka share makoki, ƙanen Baba, Baffa Idi, ya tara mu a falo. Ya ce hotuna ne, a ƙone su kada su zame masa nauyi a kabari. Sale ya ce a'a, a nemi mai saye, gida na da buƙata. Ina shirin magana sai ga Umma ta fito daga ɗakin takaba. Tun da na yi wayo nake jin ta tana faɗa da akwatin nan, wai ya cinye mata wurin kwanuka, wai miji ya fi sanin tarihin Turawa da na surukansa. Ta zo ta zauna daram a kansa. Ta ce, "Idi, mutumin da ka yi wa wanka ka ga tabon sallah a goshinsa ko ba ka gani ba?" Baffa ya ce ya gani. Ta ce, "To hisabinsa ka bar wa Mai shi. Kai kuma Sale, idan an zo rabon gado, ku saka mini akwatin nan a tumunin takabata. Shekara arba'in ina faɗa da shi, ni kaɗai ke da ikon taɓa shi. Halas." Yanzu kullum bayan sallar walaha takan zaro kati ɗaya ta ce in karanta mata bayansa, ta gyara mini sunan Hausar idan na yi kuskure. Ashe duk ta haddace su.

Ya Allah, ga bawanka Usman ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, ka haɗa shi da iyayensa da suka tako da ƙafa domin amsa kiranka. Ka ba Umma juriyar kwanakin takaba da na bayansu. Ka sanyaya zuciyar Sale da ta Baffa Idi, ka haɗa kanmu. Mu da ya bari, ka ba mu haƙurinsa, ka kuma ba mu taurin kansa a inda ya dace, kada ka sa mu sunkuya wa kowa sai kai. Idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.