Tafiyata Kwatano Neman Sunan Inna

Talata: Gaya zuwa Paraku

Ƙarfe biyar saura kwata na fito daga gida, ladan bai riga ya yi kiran salla na biyu ba. Inna tana zaune bakin ɗakinta. Shekara hamsin ta yi tana ginin tukwane kafin idonta ya mutu. Ta riƙe hannuna ta ce, "Hassana, ba tulun nake so ba. Ki ce su rubuta sunana."

Ga abin da ya tayar da ni. Wani likita Bature da ya taɓa aiki a Gaya yakan zo gidanmu ina ƙarama, ya zaɓi tulunan da Inna ta yi wa ado irin nata. Ya koma Kwatano da zama, ya rasu bana, ƴaƴansa suka ba da zane-zanensa da tukwanensa a yi gwanjo. Gwaggo Rabi da ke kasuwanci can ta ga tallar, ta turo mini hoto a waya. Baƙin tulun nan ne mai wuya biyu, wanda ni na tara wa Inna karan gasa shi.

Kabu-kabu ya kai ni bakin kogi. Gada a rufe take, sai kwalekwale. Jaka biyu ta kuɗin sefa mai fito ya karɓa. Ƙarfe bakwai muna Malanbil, garin da ke tsallaken kogi. Kar ɗin da na shiga, wato babbar motar fasinja, bai tashi ba sai tara. Kafin Kandi, kilomita ɗari, sau uku aka sauke mu duba katin dantite, wato katin shaidar ɗan ƙasa. Direba ya ce, "Hajiya, ba kaya? Me za ki saro?" Na ce ba saro zan yi ba. La'asar sakaliya muka shiga Paraku, na ci sakwara da miyar gyaɗa, na kwana ɗakin mata a tasha.

Laraba: Kwatano

Kilomita ɗari huɗu da ƴan kai, daga shida na safe zuwa uku na rana. Gwaggo ta tare ni a unguwar Zango, ta ba ni ruwan wanka da fura. Ta ce, "Ƴata, mutanen nan ba sa jin magana sai ta takarda. Kin zo da takarda?" Ban zo da komai ba sai wayata.

Alhamis: gidan gwanjo

Ƙarfe goma muka isa. Ɗaki ne mai sanyi, bango cike da zane, kowane da sunan mai shi. Akwai wani ɗan kwano fari na wata Baturiya, bai fi na shan koko ba, an rubuta sunanta da garinsu da shekarar haihuwarta. Tulun Inna yana cikin gilashi. Na karanta Faransancin da ke ƙasansa sau biyu: ba a san maginiya ba, yankin kogi, kimanin shekara ɗari.

Na nemi mai gidan gwanjon, wani mai farar riga da madubin ido. Na gaishe shi da Faransanci na ce, "Mushe, mai tulun nan uwata ce, tana raye. Juya gindinsa, za ka ga shaidar farce uku." Ya sa aka juya. Ga su nan. Na kira Inna a waya don ya ji muryarta, ya ƙi karɓa.

Ya ja ni gefe ya rage murya. "Madam, na yarda da ke. Amma littafin gwanjo ya fita, masu saye sun gani. Tsohon abu suke nema. In na ce mai shi tana da rai, rabin kuɗin ma ba zai yi ba, magada kuma ni za su kama."

Na ce, "Wato rayuwar uwata ce ke ɓata muku ciniki?"

Ya ce in zauna, za a kawo mini ruwa.

Ƙarfe huɗu aka zo kan tulun. Na miƙe na ce da ƙarfi, "Sunanta Aisa! Aisa ta Gaya!" Wasu suka waiwayo, wata mata ta yi murmushi kamar wasa nake. Mai gadi ya tsaya kusa da ni. Minti biyu ba a yi ba aka buga guduma, aka sallama tulun. Wani ne ya saya ta waya daga wata ƙasa. Ko sunan ƙasar ba a gaya mini ba. Gwaggo ta ja mayafina muka fita.

Juma'a da Asabar: komowa

Hanyar da na bi ita na komo, ban iya cin komai ba sai burodi a Kandi. Azahar ɗin Asabar na haye kogi. Tun daga Malanbil nake shirya ƙaryar da zan yi, amma da Inna ta ce, "Sun rubuta?" sai bakina ya ƙi.

Na ce, "Ba su rubuta ba, Inna. Cewa suka yi mai tulun ta mutu tun shekara ɗari."

Ta murza tafin hannunta. Can ta ce, "To. In kin sake komawa, ki ce musu gawar tana gaishe su." Ta tashi tana laluben bango ta shige ɗaki.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya komo da ni lafiya. Na gode wa Gwaggo Rabi, Allah ya saka mata da alheri. Ku kuma da kuka karanta, sunanta Aisa.