Ƙanina da Mai Koyon Aikin Fada

Tun ranar da ƙanina ya ce falsafa zai karanta a jami'a hankalina bai kwanta ba. Na ce masa, "Falsa-me? Duk karatun da ke duniya ka rasa na yi sai wanda ba ya da shago?" Ya yi dariya, ya ce karatun tunani ne. Na ce to da can da me kake yi, da ƙafa?

Ni na raine shi bayan rasuwar iyayenmu, a nan unguwar Sabo ta Ibadan, da cinikin tuwo da miyar kuka. Yaro ne mai kai. Asabar da Lahadi yana koyar da yara a Islamiyyar layinmu, har da 'yata a ajinsa, kuma yana ƙaunar wannan ajin fiye da komai. Idan ya wuce, iyaye kan ce "ga malaminmu," ni kuma in ji kaina ya yi girma.

Sai ya fara zuwa gida da wani aboki, Bayarabe, siriri, mai yawan rusunawa. Da na tambaya aka ce aikin fada yake koyo, wato limamin coci, wai a cocinsu ba a ba mutum karatun addini sai ya fara yin falsafa. Ashe karatun ma na 'yan coci ne! Ƙanina ya ce ba haka ba ne, wai manyan malaman cocin na da, da suke son kafa hujjar samuwar Allah da hankali, a littattafan malaman Musulmi suka tsinci rabin hujjojin. Na ce idan sun ara sun ara, me ya kawo shi zaurenmu, maidowa ya zo yi?

Ban taɓa hana abokin tuwo ba, Allah ya sani. Amma ladabinsa ma zargi yake ba ni. Mutum ya ci ya wanke kwano, ya tashi ya ba da wuri in an kira salla, ni dai na ce a raina wannan akwai abin da yake nema.

Wata la'asar ina tsince shinkafa kusa da tagar zaure sai na ji muryar ƙanina, da Hausa tsantsa, yana cewa idan Allah ƙauna ne tun fil'azal, to dole akwai wanda yake ƙauna tun kafin halitta, don haka uku cikin ɗaya bai saɓa wa hankali ba. Innalillahi! Tiren ya kusa suɓuce mini. Kuma ba a sanyaye yake faɗa ba, da ƙarfi yake yi har yana buga tabarma. Abokin yana ba shi amsa ƙasa-ƙasa, ban ji me yake cewa ba, ban ma tsaya ji ba. Abin takaicin, ba ni kaɗai na ji ba. Maƙwabcinmu mai facin taya yana alwala a jikin bangon. Kafin magariba magana ta kai har unguwar Mokola ta dawo.

Da na tsare ƙanina sai ya ce, "Yaya, aikin aji ne. Malaminmu ba ya yarda ka soki ra'ayi sai ka fara kare shi, har mai shi ya ce ka faɗa daidai. Ni aka ba nasu, shi aka ba namu." Na ce wane irin malami ne wannan mai sa yara musayar addini kamar takalmin masallaci? Ban yarda ba, na ɗauka ƙarya ya shirya mini.

Kwana kaɗan sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofarmu. Wata mata ta sauko da ƙaton ɗaurin ɗankwali, tana huci. Uwar abokin ce. Ko gaisuwa babu, ta fara da Yarbanci, wai mun shanye mata ɗa, ta ji shi a ɗaki yana rantsuwa cewa Allah ɗaya ne, ba ya haihuwa, hankali ma ba zai ɗauki wanin haka ba. Ni da aka haifa a Ibadan, Yarbanci za a nuna mini? Na mayar mata, na ce ɗanki ne ya lalata mini ƙane. Muka yi ta yi, har muka ankara cewa magana ɗaya muke faɗa. Ashe gaskiya ƙanina ya gaya mini. Ta zauna a kan benci tana fifita da gefen zane. Na ba ta ruwa ta sha. Ba mu zama ƙawaye ba, ta tafi tana hararata ina hararar ta.

Da na ji iyayen yara sun kai ƙorafi makaranta, ni na ja ƙanina zuwa wurin shugaban Islamiyya, na yi bayani har muryata ta dushe. Dattijon ya saurara, ya ce shi ya fahimta, amma iyayen yara sun ce bakin da ya iya faɗin waccan magana da daɗi haka ba sa so ya biya wa 'ya'yansu karatu. Aka karɓe ajinsa aka ba wani malami. Na fito ina zage-zage, na ce duk munafukai ne, wanda ya sake kiran ƙanina kafiri a layin nan sai na watsa masa ruwan tuwo.

A hanyar gida na tambaye shi, "Tsakaninka da Allah, lokacin da kake buga tabarmar nan, ka yarda da abin da kake faɗa?" Ya ce, "Ban yarda ba, Yaya. Amma na gane dalilin da ya sa mai hankali zai yarda." Da ma cewa ya yi shirme ne kawai, da na samu barci.

Ya ci gaba da sallarsa, ya fi da kiyayewa ma. Ranar Asabar da safe na gan shi zaune da Alƙur'ani, ba wurin zuwa. Ya kira 'yata ya ce ta ɗauko nata, tunda yanzu yana da lokaci zai riƙa biya mata a gida. Ta ruga za ta ɗauko. Na ce, "A'a, sa hijabinki ki tafi makaranta, kin makara."

Ya ɗago ya dube ni. Ya rufe Alƙur'anin ya shiga ɗaki. Tun daga ranar bai sake cewa zai biya mata ba, ni ma ban ce ya biya ba.