Cokalin Malam

Jiya a Tarauni wani mai shayi ya buga cokali a bakin kofi, na tsaya cak kamar an kira sunana.

Malam, dattijon marubucin da ya koya mini rubutu, ba ya gyara da biro. A zaurensa na Gyadi-Gyadi sai ya sa in karanta da ƙarfi, shi kuwa ya lumshe ido. Duk inda jimla ta yi ɗingishi, sai ya buga cokali a kofinsa.

Ranar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, kowa na gindin rediyo. Na ce, "Malam, mu bar karatun yau mana."

Ya ce, "Su sun gama nasu. Kai ka gama naka? Koma farkon shafi."

Ya yi ta bugawa har shayin ya huce, ina cika ina batsewa.

Littafin bai fito ba sai bayan rasuwarsa. Yanzu bango nake karanta wa, in dakata ina jiran ƙarar, shiru. Duk wanda na nuna wa sai ya ce ya yi kyau.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa. Ni kuma ya ba ni mai buga mini cokali.