Ranar da Rumbu Ya Ɓace Daga Kwamfutoci Arba'in

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, amma wata Talata ta tsakiyar damina har gobe tana raina. Ku sababbin ma'aikata, ku saurara.

Lokacin ni ne injiniyan wata cibiyar kwamfuta a Kaura Namoda, inda ɗalibai ke rubuta jarrabawa. Mataimakiyata Malama Rabi ce, wata huɗu da ɗaukarta, ba a ko tabbatar da ita ba. Shugabanmu Alhaji Bala tsohon hedimasta ne mai zafin rai, wanda iliminsa na kwamfuta ya tsaya a kunnawa da kashewa.

Hanya biyu ake ɗora manhaja a kwamfutocinmu. Akwai shagon manhaja mai hotuna, ka danna maɓalli ya yi maka komai, bai cika faɗa maka abin da ya taɓa ba. Akwai kuma baƙin allo, inda kake rubuta umarni da hannunka. Shi kafin ya cire ko abu ɗaya sai ya jero maka ya nemi izini. Ni ɗan baƙin allo ne, da taƙamata. Masu danna maɓalli kuwa 'yan ci-ma-zaune nake kiransu, har a gaban Rabi.

Ina da wata 'yar manhaja da na rubuta da kaina, na sa mata suna Rumbu. Duk minti ɗaya tana kwashe amsoshin ɗalibai ta adana, don in an ɗauke wuta kafin janareto ya tashi kada a yi asara. Ba ta hukuma ba ce, ba ta cikin shago, babu takarda ko ɗaya a kanta. A kaina kawai take.

Ranar Litinin na tafi taro Gusau, na ce wa Rabi ta sabunta kwamfutoci. Ta sabunta ta shago, kamar yadda ta iya. Talata ƙarfe tara ɗalibai sun cika harabar, yawancinsu daga Zurmi da Shinkafi, direbobinsu sun rantse ƙarfe biyu za su juya saboda halin hanya. Ga hadari ya haɗu a gabas, kun kuwa san wutarmu da hadari. Na duba, babu Rumbu. Kwamfuta arba'in, ko ɗaya!

"Mi ya faru?" in ji Alhaji.

Na ce, "Ranka shi daɗe, jiya an sabunta ta shago, Rumbu ya tafi."

Ai kamar na zuba wa wuta fetur. Ya juya kan Rabi: "Ke kika taɓa? To ki jira takardarki." Nan take ya sa sakatare ya buga takardar sallama. Rabi ta tsaya bayana tana murza bakin hijabinta.

Na buɗe kundin da kwamfuta ke rubuta duk abin da aka ɗora ko aka cire. Ina karantawa na gano matsalar. Rumbu ya dogara ne da wani tsohon ɓangare da aka daina amfani da shi. Da sabon ya shigo, sai aka fitar da su tare. Gargaɗin haka tun kafin azumi nake ganinsa a allo ina cewa gobe. Layi ɗaya tak zan rubuta in kulle Rumbu kada a taɓa shi, ban rubuta ba. Ita kuma yaya za ta kiyaye abin da ban taɓa gaya mata akwai shi ba?

Alhaji ya leƙo ta kafaɗata. "Mi rubutun ga ya ce?"

Wallahi Shaiɗan ya zo. A ganina duk ginin nan ba mai karanta allon sai ni. In na ce shago ne, magana ta ƙare, takarda kuma an riga an buga. Na ji kunyar kaina tun ban yi ƙaryar ba.

Na ce, "Ya ce laifina ne, ranka shi daɗe. Ta yi abin da na sa ta. Ni na bar ƙofa a buɗe."

Alhaji ya ja da baya. "Gyara tukuna," ya ce.

Na gyara layukan Rumbu, ni da Rabi muka raba kwamfutocin ashirin-ashirin. Sha ɗaya aka fara jarrabawa. Sha biyu da 'yan mintuna wuta ta ɗauke, ɗaki ya ɗauki salati. Da janareto ya tashi, amsar kowa na nan. Motoci suka tashi kan lokaci.

Alhaji ya yage takardar Rabi, ya sa aka buga mini ta gargaɗi. Na karɓa hannu biyu. A makon nan na zauna na rubuta bayanin Rumbu shafi shida, na daina kiran kowa ci-ma-zaune. Kayan aikin da ke kan mutum ɗaya tarko ne, kuma na ƙasa da kai yake kamawa.

Da na kai wa Rabi shafukan na ba ta haƙuri, sai ta ce, "Malam, ai wata biyu ke nan ina koyon baƙin allo a gida. Ran nan na riga ka karanta abin da ke cikin kundin. Jira nake in ji abin da za ka ce."