Littafin Zuma na Tsohon Soja

Shekarar da aka turo ni Dogon Dutsi aikin komi, wato akawu, a biro, ofishin Kumandan, ban san kowa a garin ba. Daga gabas na fito, Hausar wannan yanki na Arewa ma sai na kasa kunne sosai nake gane ta. Mutum biyu ne suka fara jana a jiki: mushen lakwal, wato malamin makaranta, wani dogo mai son gardama, da ma'aikacin likita da ke yi wa mutane allura. Duk Lahadi bayan la'asar mukan shimfiɗa tabarma a gindin gawon da ke bayan likita, wato asibitin garin, kowa ya faɗi abin da yake karantawa a makon.

Littattafai ba su da yawa a lokacin. Daga waɗanda Nasara ke bari in an canza musu wurin aiki, sai 'yan ƙananan na Hausar boko da fatake ke shigowa da su daga Sakkwato. Su ke yawo a hannunmu har bangonsu ya fita. Mushe ya fi son tarihi. Mai allura kuwa labaran soyayya yake karantawa, in ya zo ba mu labari sai ya yi ta sosa ƙeya, mu kuma mu sa shi gaba da tsokana.

Mai gadin likitar wani tsohon soja ne daga wajen Lugu, wanda aka ɗiba zuwa yaƙin Turai ya dawo yana ɗingishi. Baba muke ce masa. Yakan zauna kan turmi kusa da mu yana tufkar igiya. Wata Lahadi da kowa ya gama nasa, sai ya yi gyaran murya.

"Ni ba ku tambaya ta mi nika karatu?"

Mushe ya ce, "Baba, kai ma kana da littafi?"

Baba ya tashi. Ya shiga ɗakinsa ya fito da wani abu ƙunshe a tsohuwar rigar soja. Ya ce a asibitin can ƙasar Faransa, gadonsa na kusa da na wani saurayin Nasara da harsashi ya samu a ƙirji. Yaron ba ya iya ɗaga kofi, Baba ne ke ba shi ruwa a baki. Kwana ɗaya kafin ya rasu ya tura masa littafin a ƙarƙashin bargo.

"Kullum ina buɗe shi," in ji Baba. "Zanen akwatuna kaɗai nika gani. Kunya ta hana ni tambaya."

Ya miƙo mini da hannu biyu. Da na karanta bangon sai na yi jim, don na ɗauka yana sa ran addu'o'i ne ko wata babbar magana.

Na ce, "Baba, littafin kiwon zuma ne."

Ya dube ni, sannan ya fashe da dariya har igiyar ta faɗi daga cinyarsa.

"Zuma! Ai ubana mai amya ne, ɗana. Cikin harbin zuma anka rene ni."

Tun daga ranar muka zama mu huɗu. In zagaye ya zo kansa sai ya ce, "Ni dai ina nan ga zumana," ni kuma in karanta shafi biyu ko uku in juya masa da Hausa. Ba ya barin magana ta wuce. Da littafin ya ce a ajiye akwatin zuma a ƙasa, ya ce waɗannan mutane ba su san gara ba. Da ya zo kan hayaƙi ya gyaɗa kai, ya ce nan sun yi gaskiya, amma kashin shanu ya fi. Ranar da na karanta cewa sarkin zuma mace ce, mushe ya yi ta musu har da karɓar littafin ya duba da kansa. Baba ya ce, "Mi kaka mamaki? Mu mutanen Lugu, da mace ka yi muna sarauta, wanga ba labari ba ne."

Sai da muka yi nisa ya nuna mini wani rubutun fensir a cikin bangon farko, ya dushe saboda yawan shafawa. Ya ce ya daɗe yana zaton yaron ya bar masa saƙo ne. Na so in ce masa haka ne, amma na karanta abin da ke wurin: sunan yaron, sunan ƙauyensu, da layi ɗaya daga mahaifiyarsa, tana cewa ya karanta kafin ya dawo, zuman na jiransa.

Mai allura ya kawar da kai yana tsinkar ciyawa.

"Ashe uwa tai na da rai sa'ad da ya tahi," in ji Baba. "Ɗana, a rubuta mata. A ce mata bai mutu da ƙishirwa ba."

Washegari na rubuta wasiƙar da injin buga rubutu na biro, ya dangwala yatsa a ƙasa, muka kai gidan waya tare. Har na bar garin amsa ba ta zo ba. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, sai dai ranar da motar wasiƙu ta shigo yakan sa hularsa ta soja ya zagaya ta can.

Bayan damina biyu aka mayar da ni wani gari, saura babi ɗaya mu ƙare. Mai allura ne ya ɗora daga inda na tsaya. Ya rubuto mini cewa babin na yadda ake rufe zuma ne lokacin da ƙanƙara ke lulluɓe ƙasa. Baba ya ce wannan ba shi da amfani a Arewa, amma ya sa an karanta masa sau biyu, don ya san wannan sanyin tun can Faransa.