Baijnath da Fitilar Wanda Jirgi Ya Ɗauke

Kullum da hantsi Baijnath Kushwaha yakan kurɓi shayinsa a tsaye, ya hau tsohon kekensa ya nufi ƙauyukan Ballia. Shekara talatin ya yi yana rabon wasiƙu, ya ajiye aiki, amma ƙafa ta ƙi zama. Yanzu asali yake nemo wa baƙin Guyana da Trinidad, jikokin waɗanda Turawa suka kwasa daga nan a jirgin ruwa zuwa noman rake a can.

Sana'ar cike take da 'yan damfara. Da sun ga baƙo sai su haɗa shi da wata tsohuwa mai arhar hawaye, a rungumi juna, a ɗauki hoto, shi ke nan. Baijnath kuwa mutum nawa ya ce wa "ban samo ba," suka tafi suna tsaki?

Bara Indrani Boodhoo ta zo daga Berbice ta ƙasar Guyana, shekararta saba'in da ɗoriya, likita ya ce tafiyar ƙarshe ce. Ba ta da komai sai sunan kakanta, Sukhdeo, da na ƙauyen da kogi ya cinye tuni. Saura kwana uku ta koma, ta ce, "Yaya, kai ni kowane gida. Ba zan tambaya ba."

"Za ki tambaya, ƙanwata. A jirgin komawa za ki tambayi kanki."

Sai ya tuna wani gida da ya sha kai wa wasiƙa, inda duk Diwali, bikin fitilu, ake ware fitila ɗaya a bakin ƙofa tana fuskantar kogi. Ya je shi kaɗai, bai ambaci sunan kowa ba, ya tambayi tsohuwar gidan, Phulmati, ko fitilar ta wace ce.

"Sai yau, sarkin sa ido? Ta ƙanen kakan mijina ce, Sukhdeo. Kasuwa ya tafi, aka ce jirgi ya ɗauke shi. Surukata ta ce a riƙa kunnawa har ya dawo."

Washegari ya kai Indrani gidan, Phulmati ta danƙa mata fitilar. "Ungo kayanku. Mun gaji da zuba mai." Ba ta rufe baki ba kuka ya ƙwace mata.

Baijnath, kai ne ka gwammace tsaki da ka haɗa zumuncin ƙarya, wallahi mun gode. Masu jagoran baƙi, ku koyi cewa "ban samo ba" kamar wannan dattijo. Diwalin bana ya bi ta ƙofar Phulmati, ya ga gurbin babu fitila. A Berbice take ci.