Maigadin Cikin Jirgi

Baba ya yi gadin gidan wani ɗan Labanan, wanda yake kira Masa, wato maigida, a unguwar Adabraka tun kafin a haife ni. Da ƙasa ta rikice a farkon shekarun tamanin, kantuna suka koma fanko, mutumin ya sayar da gida ya kwashe iyalinsa. Abu ɗaya ya bari, wani ƙaramin farin jirgin ruwa na shan iska, ɗaure a Tema, gefen inda masunta ke jan kwalekwalensu. Ya damƙa wa Baba makulli ya ce ya kula da shi, zai dawo, kuma in ya dawo aiki na nan. Baba ya karɓi maganar hannu bibbiyu. A ganinsa, muddin jirgin na kan ruwa to shi ma'aikaci ne, ba tsohon da ke jiran tuwo a ɗakin ɗansa a Nima ba.

Ni a lokacin fita ne, wato mai gyaran wutar mota, a Kawukudi, ga mata ga 'ya'ya, ga yunwa a gari. Jirgin wani mai kuɗi da ya tsere bai dame ni ba ko kaɗan. Amma da damina ta kankama, Baba ya tsaya a bakin rumfata ya ce, "Kai fita, famfo ya ƙi aiki. Kullum na je, ruwa ya cika ciki. Zo ka duba." Ba a ce wa Baba a'a.

Jirgin yana ɗan yoyo ta baya, ruwan sama kuma yana shiga, duk ya taru can ƙasa, ƙarƙashin katakon da ake takawa. A nan famfon yake, bai wuce girman gwangwanin madara ba, da tiyo mai fitar da ruwa waje. Kusa da shi akwai wata 'yar roba mai tasowa kan ruwa. In ruwa ya taru ya ɗaga ta, sai ta kunna famfo da kanta, in ya janye ta kwanta ta kashe. Baba ya sa mata suna maigadi, wai ita ma aikinta ke nan, ta zauna shiru har sai abu ya shigo. Yana faɗin sunan da girmamawa, kamar abokin aiki ne.

Na fara da fis, lafiya lau. Na bi waya da ƙwan gwaji, na tarar gishiri ya cinye mahaɗa ɗaya ta yi kore, na yanke na sake. Na cire famfon na zazzage yashi da gashin kamun kifi da guntun leda daga rariyarsa, na hura tiyo har kaina ya yi juwa. Sannan Baba ya ɗauko butarsa ta alwala muka riƙa tsiyaya ruwa. Maigadi ya tashi, famfo ya yi gurnani, ruwa ya fita tsul ta gefe. Baba ya yi hamdala, ni kuwa na kama trotro, motar haya, na koma rumfata ina jin kaina gwani.

Da aka sake ruwa, jirgin ya sake cika.

Haka muka yi ta yi. Baba kan riga ni fita da sassafe, ni sai na buɗe rumfa na sallami mutane sannan in bi shi. Duk zuwan da zan yi, famfo na aiki kamar yana yi mini dariya. Na canja makunni, na goge robar da sabulu ko mai ne ke riƙe ta, na zagi wanda ya ƙera ta da wanda ya sayo. Wani masunci ya ce aikin mutanen ruwa ne, a zuba musu wani abu. Baba ya yi a'uziyya, amma na ga ya yi tofi ta kowace kusurwa. Ni dai haushi ya ishe ni, don ranakun da nake Tema gidana ba a ɗora tukunya.

Wata rana na daɗe har la'asar, muka tashi tare. Na fita ina jiransa, sai na ga ya sunkuya ya kwance kan batir a natse, ya sa shi a buhu, ya naɗa gammo ya ɗora a ka.

Na ce, "Baba, ina za ka da shi?"

Ya ce, "Wurin mai kenke, tuwon masaran nan, na bakin tasha nake ajiyewa. Da safe in ɗauka."

"Kullum?"

"Kullum mana. Wane wachiman, mai gadi na gaskiya, zai bar kayan Masa ya kwana waje?"

Na zauna a kan igiya, na rasa dariya zan yi ko kuka. Na ce masa maigadin nan da batir yake gani, in ka ɗauke batir ka ƙwaƙule masa ido. Ya ce ai Masa ya ce otomatik ne, shi ke yi da kansa. Duk rayuwarsa abin da ya iya ke nan, yamma ta yi a shigar da kaya a kulle, kuma bai taɓa ɓatar wa mutumin da ko cokali ba. Ya dafa buhun ya ce, "In na bari, za su ɗauka."

Na ce ba za su ɗauka ba. Na ɗaure batirin da sarƙa da kwaɗo, na yi ta cika baki. Bai yi mako ba ɓarayi suka ɗauka, har da sarƙar. A shekarar nan batir ba ya samuwa ko a mafarki, masu motoci ma turawa suke yi.

Daga nan Baba ya kwashi tabarma da buta ya tare a jirgin. In ruwa ya taru, ya tashi ya kwashe da bokiti, in ya janye, ya kwanta. Nakan kai masa garin rogo da ɗan sukari in na samu. Ƙafafunsa suka yi fari suka tsattsage, tari ya kama shi. Na roƙe shi, na yi faɗa, na ce Masa ba zai dawo ba, ko wasiƙa bai aiko ba. Ya yi kamar da teku nake magana. Sai da zazzaɓi ya kayar da shi masunta suka aiko, na je na goyo shi zuwa Nima. A kwanakin da yake kwance aka yi ruwan da babban gwatan unguwarmu, magudanar ruwa, ya cika ya shiga ɗakuna. Ina kwashe ruwa daga ɗakina na san abin da ke faruwa a Tema.

Da ya iya miƙewa ya ce sai ya je, na raka shi. Babu komai a wurin sai igiya, ɗaure a turkenta, ta miƙe ta shige ruwa. Na jira ya yi salati ya ce mu tafi gida. Sai ya tsuguna ya shafa ta, ya gyara ƙullin, ya shimfiɗa tabarmarsa a gefe ya zauna.

Ya ce, "Igiyan nan ya tsufa. Ka nemo sabo kafin Masa ya zo."